Babur a zaure: wace irin ajiya ce take hana ɓarawo?

Malamin Firamare, Pantami:
Assalamu alaikum, 'yan uwa mazauna wannan dandali namu na garin Gombe. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da yake hana ni barci. A daminar da ta wuce, wani dare da aka kwana ana ruwa, an shiga zauren gidan da nake haya an ɗauke mini babur ƙirar Boxer wanda na yi shekara 4 ina hawa. Na kulle wuyansa, na cire makulli, ƙofar zauren kuma an saka mata sakata kamar yadda aka saba, amma da na fito da asuba ban tarar da komai ba sai ɗigon baƙin mai a inda yake tsayawa. Mu magidanta shida ne a gidan, kuma babu wanda ya ji ko motsi, domin ƙarar ruwa a kan kwano ta rufe komai. Bayan wata bakwai ina hawan acaɓa zuwa makaranta, yanzu Allah ya hore mini wani ta hanyar bashin da za a riƙa cira daga albashina har shekara biyu. Kowa ya san yadda farashi ya koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi: irin babur ɗin da na saya a kan naira 300,000 da 'yan kai, yau ya haura miliyan ɗaya. Idan aka sake ɗauke wannan, zan ci gaba da biyan bashin abin da ba ya hannuna. Tambayata ita ce, a gidan haya irin namu da ba shi da gareji, a ina ya kamata babur ya kwana, kuma da me za a kulle shi?

Bakanike, Jekadafari:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar da alheri, ya kuma tsare maka na yanzu. Shekarata 19 ina kwance babura ina ɗaurawa, saboda haka bari in fara da abin da ka ce ka yi a wancan daren. Abin da muke kira kulle wuya wani ɗan ƙarfe ne da bai kai kaurin ɗan yatsa ba, wanda yake fitowa ya shiga gurbinsa a wuyan babur idan ka karkatar da kai ka murɗa makulli. An yi shi ne domin wanda ya tsaya sayen abu a bakin hanya na minti biyar, ba domin kwanan dare ba. Na sha karɓar babura da aka ƙwato daga hannun ɓarayi domin in gyara, kuma kusan dukkansu wannan ɗan ƙarfen a karye nake samunsa. Ko da ma bai karye ba, Boxer nauyinsa bai wuce kilo 100 da kaɗan ba, ƙarti biyu za su ɗaga tayar gaba su tura shi a kan ta baya, uku kuwa za su ɗauke shi cak su jefa a cikin Keke Napep. Abin da nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni shi ne, babur ɗin da ba a ɗaure shi a jikin wani abu da ba ya motsi ba, to ba a kulle shi ba, ko kwaɗo nawa aka rataya masa.

Ɗan Acaɓa, Kagarawal:
Ni dai a ganina wannan magana ba ta da tsawo. Babur ɗina a cikin ɗakina yake kwana, kusa da katifata, kuma haka yawancin abokan sana'ata suke yi. Na sa an yi mini ɗan gangare na siminti a bakin ƙofa, ina tura shi ciki da ƙarfe goma na dare in rufe. Duk wanda zai ɗauke shi sai ya tsallake ni. Malam, ka shigar da shi ɗaki kawai ka huta.

Malamar Asibiti, Tumfure:
Ina roƙon a yi haƙuri da ni, amma ba zan iya yin shiru a kan wannan shawarar ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na yi jinyar mutanen da suka ƙone a dalilin kwana da fetur a ɗaki, har da ƙananan yara. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne, ba ruwan fetur ɗin ne kaɗai yake kama wuta ba, tururinsa ma yana kamawa, kuma tururin ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama ya fita ta taga, sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda katifa take, daidai kuma inda muke ajiye maganin sauro na kunnawa da kaskon turaren wuta. A lokacin hunturu abin ya fi muni, domin ana toshe tagogi ana shigar da garwashi domin jin ɗumi. Ga kuma salansa, wadda take ɗaukar lokaci kafin ta huce, yaro mai rarrafe kuwa bai san zafi ba sai ya taɓa. Malamin da ya yi tambaya mai iyali ne. Ba na so ya tsira daga asarar babur ya faɗa a asarar da ba a mayarwa.

Ɗan Acaɓa, Kagarawal:
Hajiya, na ji maganarki kuma ban raina ta ba. Amma ki duba halin da muke ciki. Babur ɗin nan ba nawa ba ne, balas nake kai wa mai shi kullum, kuma ranar da ya ba ni sai da na kawo mutum biyu suka tsaya mini a kan cewa idan ya ɓata ni zan biya. Ɗaki ɗaya nake haya, gidan ba shi da ko ƙyaure a ƙofar waje. Idan na bar shi a tsakar gida, daidai yake da na ajiye shi a bakin titi.

Malamar Asibiti, Tumfure:
Ƙanena, na fahimci uzurinka, kuma ba zargi nake yi ba. Idan babu makawa sai ya kwana a ɗakin, to ka riƙa barinsa a waje ya huce sarai kafin ka shigar da shi, ka rufe makullin mai da yake ƙarƙashin tanki domin kada kabureta ta yi ta ɗiga cikin dare, kada ka taɓa tayar da shi a cikin ɗaki ko na minti ɗaya domin hayaƙinsa guba ne da yake kashewa ba tare da mutum ya farga ba, ka bar taga a buɗe, sannan ka haramta wa ɗakin duk wani abu mai wuta. Kada kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya tare hanyar fita. Amma ga wanda yake da zaure ko tsakar gida mai katanga, ina nan a kan bakana cewa ɗakin kwana ba wurin babur ba ne.

Mai Walda, Bolari:
Injiniyan Jekadafari ya faɗi gaskiya, kuma tun da sana'ata ce bari in yi bayanin yadda ake samar da wannan abin da ba ya motsi, domin na yi wa mutane da yawa. Ana haƙa rami a inda babur zai riƙa tsayawa, zurfinsa kamar ƙafa ɗaya da rabi, faɗinsa kamar ƙafa ɗaya. Sai a sami rodi mai kauri, milimita 16 ko 20, a lanƙwasa shi kamar baka, a kuma tanƙwara ƙafafuwansa biyu zuwa gefe domin kada a iya zare shi, in so samu ne a yi masa waldar wani guntun rodi a gicciye daga ƙasa. Sai a zuba kankare, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a bar kan rodin ya leƙo sama kaɗan, iya yadda sarƙa za ta wuce. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai kafin a fara amfani da shi, domin kankaren da bai sha ruwa ba yana farfashewa.

Akwai kurakurai uku da nake yawan gani. Wasu suna barin bakan rodin ya yi tsawo, alhali rodi ba ƙarfe ne mai tauri sosai ba, zarto yana cinsa idan ya sami wurin kaiwa da komowa. Maganin wannan shi ne a yi shi gajere, a jikin bango, ta yadda idan babur ya tsaya zai rufe shi, mai zarto ba zai sami wurin sa hannu ba. Wasu kuma suna zura sarƙa a tayar gaba kawai, ita kuwa tayar gaba noti ɗaya ne yake riƙe da sandar da ta ratsa ta, sai a kwance a bar maka tayarka a ɗaure a tafi da sauran. Sarƙa ta ratsa jikin ƙarfen babur ɗin kansa, idan tsawonta ya kai ta haɗa da tayar baya. Na uku, kada a bar sarƙa da kwaɗo suna kwance a ƙasa, domin ƙasa ita ce maƙerar ɓarawo: a kanta yake ɗora kwaɗo ya doke shi da guduma, a kanta kuma yake kafa ƙafar babban almakashin yanka ƙarfe ya danna da nauyin jikinsa. A ja sarƙar ta yi tsam, kwaɗon ya kasance a rataye.

Game da ita sarƙar kuwa, wadda ake ɗaure janareta ko akuya da ita ba ta da amfani a nan. A nemi irin wadda manyan motoci suke ɗaure kaya da ita, mai kaurin milimita 10 zuwa sama. Kwaɗo kuma a nemi wanda wuyansa gajere ne, jikinsa ya rufe mafi yawan wuyan. Yana da tsada, amma araha ba ta ado, kuma duk kuɗin wannan aiki bai kai na tayoyi biyu da batir ba.

Malamin Firamare, Pantami:
Allah ya saka da alheri, wannan bayani ya shige ni. Sai dai ina da tambaya: na ji ana cewa akwai ƙaramin injin yankan ƙarfe mai aiki da batir, wanda babu sarƙar da take gagararsa. Idan haka ne, mene ne amfanin wahalar?

Mai Walda, Bolari:
Gaskiya ne, Malam, akwai shi, kuma ba zan ce maka akwai ƙarfen da ba ya yankuwa ba, tun da yankan ƙarfe nake yi kullum. Amma wannan injin yana da ƙara mai tsanani da tartsatsin wuta, kuma a zauren da magidanta shida suke kwana a bayansa, ɓarawo ba ya son ko tari ya kuɓuce masa. Wanda ya ɗauki naka na farko bai yi minti uku a zauren ba. Idan aikin ya koma na minti ashirin da ƙara da haske, mafi yawansu za su juya.

Mai Gyaran Waya, Tudun Wada:
Iyayena da yayyena, duk abin da aka faɗa yana da kyau, amma zamani ya wuce sarƙa kaɗai. Akwai 'yar na'urar bin sawu da ba ta kai akwatin ashana biyu ba, ana ɓoye ta a jikin babur a haɗa ta da batir. Tana karɓar bayanin inda take daga tauraron ɗan'adam, sannan ta turo maka ta layin waya da aka saka mata, ka ga babur ɗinka a kan taswira a wayarka. Wasu ma suna turo saƙo da zarar an motsa babur, wasu kuma ana iya kashe injin da su daga nesa. Ku tuna fa Gombe a tsakiyar Arewa maso Gabas take, muna iyaka da Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba. Wanda ya ɗauki babur da ƙarfe biyu na dare, ko ya bi hanyar Dukku, ko ta Dadin Kowa zuwa Biu, ko ta Kumo da Kaltungo, kafin mai shi ya idar da sallar asuba ya yi nisan da cigiya ba za ta kai ba. Na'urar ce kaɗai za ta gaya maka ta ina ya bi.

Bakanike, Jekadafari:
Ɗana, ban musa amfanin na'urar ba, na ma ɗaura wa mutane da hannuna. Amma a faɗa wa Malam gaskiyar abin da yake biyo baya. Batirin waɗannan ƙananan babura ƙarami ne, na'urar kuma ba ta barci, idan babur ya yi kwanaki ba a tayar da shi ba sai ka tarar ta shanye batirin. Layin da yake cikinta yana buƙatar kuɗi da data, kuma na ga wanda ya manta da shi watanni har kamfani ya rufe layin, bai sani ba sai ranar da aka sace babur ya buɗe waya ya ga babu komai. Sannan wuraren ɓuya a jikin Boxer ba su da yawa, ƙarƙashin kujera ne da bayan murfin gefe da cikin kan fitila, ɓarayin kuma sun san su kamar yadda na san su. Abu mafi muhimmanci, na'urar ba ta hana sata, tana taimakawa ne bayan an riga an yi. Wanda yake da hali ya haɗa biyun. Wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne, ya fara da rodi da sarƙa.

Tun da an zo kan kayan zamani, bari in ƙara biyu a taƙaice. Kwaɗon da ake maƙalawa a faifan birki ba ya shiga Boxer na acaɓa da yawancin Jincheng, domin birkinsu na cikin wili ne, ba su da faifan. Ƙararrawa kuwa tana da amfani idan an daidaita ta, amma wadda kyanwa ko iska take tayarwa sau uku a dare, cikin mako ɗaya maƙwabta za su daina leƙowa. Abin da na fi yarda da shi shi ne ɓoyayyen makunni da ake yi a layin wuta, wanda mai babur kaɗai ya san inda yake, ko an buga kik sau ɗari ba zai tashi ba. Na san babur biyu da aka tsinta a yashe a bayan unguwa saboda wannan, domin ɓarawo ba zai yi ta tura babur a ƙafa har gari ya waye ba. Sharaɗinsa shi ne a yi shi wurin bakaniken da aka amince da shi, ba a gaban taron 'yan kallo ba.

Dattijo, Herwagana:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na ga kun yi ta maganar ƙarfe, ba wanda ya koma kan abin da Malamin ya faɗa tun farko. Ya ce an saka wa ƙofar zaure sakata. Sakata daga ciki ake saka ta. To wa ya zare ta? Ko dai wani ya hauro katanga ya buɗe daga ciki, ko wani ɗan gidan ya dawo a makare ya manta bai mayar ba, ko kuma an buɗe da gangan. Ba ina cewa a zargi kowa ba ne, domin zato zunubi ne, amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Zaure a al'adarmu ba cikin gida ba ne. Wuri ne na baƙi da almajirai da masu sallama, kowa yana shiga, kowa yana ganin abin da yake ciki, kuma a gidan haya ƙofarsa ba ta da mai ita. A da, da muke ajiye kekuna a zaure, maigida ɗaya ne yake rufe ƙofa bayan isha'i, shi ne kuma yake buɗewa. Yanzu mutum shida kowa da lokacin dawowarsa. Ku lura kuma da lokutan da aka fi yin wannan ɓarna: daren ruwan sama, lokacin da janaretan maƙwabta yake ruri, da kuma asuba, sa'ad da magidanta suka fita masallaci suka bar ƙofa a sakaye domin kada su tashi iyali da bugu. A watan azumi kuma lokacin tarawihi da tahajjud. Ɓarawon babur ba ya faɗowa haka kawai, yana yin kwanaki yana karantar gida, da ɗan gari kuma akan ci gari. Shawarata ita ce Malam ya tara maƙwabtansa biyar su yi magana ɗaya: a saka wa ƙofar makulli na gaske, kowa ya riƙe nasa, duk wanda ya fita ko ya shiga bayan ƙarfe goma ya kulle, har da fitar asuba. Shi kuma makullin babur kada a riƙa rataye shi a ƙusa a bakin ƙofa, kada a riƙa barinsa a hannun masu wanki ko a ba kowane yaro aro, domin yanka irinsa ba ya ɗaukar lokaci. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Addu'ar da muke yi kafin barci ba ta ɗauke mana wannan ɗaurin ba.

Malamin Firamare, Pantami:
Baba, wallahi ka taɓo inda yake yi mini ciwo. Tun ranar nake ta wannan tunanin ban iya furta shi ba, domin kada in ɓata zaman maƙwabtaka. Katangar bayan gidanmu gajera ce, kuma akwai tarin bulo a jikinta ta waje wanda wani mai gini ya ajiye ya fi shekara, don haka na fi kyautata zaton ta nan aka hauro. Ban taɓa kawo wa raina cewa wannan bulon tsani ba ne sai yanzu.

Ɗan Kwamitin Tsaro, Nasarawo:
Ina cikin masu sintirin dare a unguwarmu, kuma ina so in ƙara abin da ya shafi takardu, domin a nan ne mutane suke yin asara ta biyu. Sau da yawa ana kama babur a hannun wanda ba a yarda da shi ba, a kai ofishin 'yan sanda, mutum ya zo ya ce nasa ne, a tambaye shi lambar inji da lambar shasi ya kasa faɗa, rasit kuma ya ce yana cikin aljihun da yake ƙarƙashin kujerar babur ɗin, wato ya tafi tare da ɓarawo. Boxer ja ko baƙi dubbai ne a garin nan, kamanni ba hujja ba ce. Malam, tun yau ka ɗauki hoton lambobin biyu da wayarka, ta inji tana jikin injin, ta shasi kuma a wuyan babur take, ka kuma rubuta su a littafi. Asalin rasit ya zauna a gida, kwafi ne zai riƙa yawo da kai. Ka yi masa rajista ka ɗaura lamba, kada ka bi masu cewa ɓata kuɗi ne. Ka kuma yi masa wata alama a ɓoyayyen wuri wadda kai kaɗai ka sani.

Idan kuma abin ya faru, Allah ya kiyaye, a sanar da 'yan sanda da mai unguwa da shugabannin 'yan acaɓa da bakanikai nan take, ba sai an kwana biyu ana cigiya a ɓoye ba. Wanda yake da na'urar bin sawu kada ya bi shi kaɗai, waɗannan mutanen suna ɗauke da makamai. Ina kuma roƙon jama'a da babbar murya, idan an kama wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma. Ihun ɓarawo ya sha hallaka wanda bai ji ba bai gani ba, kuma wanda ya kashe rai saboda babur ya ɗauki abin da ya fi babur nauyi.

Bakanike, Jekadafari:
Maganar nan ta tuna mini da laifinmu mu kanmu. Yawancin baburan da aka sace ba a sake ganinsu a dunƙule, ana warware su ne a sayar da inji daban, tanki daban, wili daban. Wa yake saye? Mu ne, bakanikai da masu babura masu neman na hannu mai sauƙi. Duk wanda aka kawo masa inji a rabin kuɗinsa ba rasit, lambarsa kuma an goge ta da giranda, ya san abin da yake saye, kuma karɓar kayan sata laifi ne a doka kamar yadda yake haramun a addini. A garejinmu mun yi ƙa'ida, ba ma karɓar babur ko inji na hannu sai da takarda da wanda zai tsaya wa mai sayarwa.

Mai Gidajen Haya, Federal Low Cost:
Na ga ana ta ba Malam shawara ya haƙa rami a zaure, ba wanda ya tuna cewa zauren yana da mai shi. Ni ina da 'yan haya, kuma ba zan ji daɗi in zo in tarar an fasa mini daɓe ba tare da an gaya mini ba, musamman da yake a wasu gidajen bututun ruwa ta ƙarƙashin zaure yake shiga. Ban da haka, rodin da ya leƙo a tsakiyar hanya zai riƙa kayar da yara da tsofaffi cikin duhu. Ba ina hanawa ba ne, ni kaina an sace wa ɗan hayata babur kuma na ji kunyar abin. Amma a je a sami maigidan da girmamawa, a nuna masa kusurwar da za a yi, a yi alkawarin gyara daɓen. Mai hankali ba zai ƙi ba, domin gidan da aka san ana sata a cikinsa ba ya samun 'yan haya na kirki.

Mai Walda, Bolari:
Alhaji ya yi gaskiya, kuma maganar tuntuɓe tana da magani. Ana iya yin ɗan gurbi a cikin kankaren kamar kwano, bakan rodin ya zauna a ciki, kansa ya yi daidai da daɓe, ƙafa ba za ta same shi ba, zarto ma ba zai same shi ba. Idan kuma maigidan ya ƙi sam, akwai wata hanya: a cika tsohuwar tayar babbar mota ko rabin duro da kankare a dasa rodin a ciki. Bai kai na ƙasa ba, amma idan an haɗa nauyinsa da na babur, ba abin da mutum uku za su ɗauka su fita da shi ta ƙofar zaure cikin shiru ba ne.

Malamin Firamare, Pantami:
'Yan uwa, na dawo in sanar da ku inda aka kwana bayan mako biyu. Na sami maigidanmu kamar yadda Alhaji ya ce, bai yarda a taɓa zaure ba saboda bututun ruwa, amma ya ba ni kusurwar tsakar gida da take ƙarƙashin tagar ɗakina, wadda a gaskiya ta fi, domin daga kan gado ina jin ko sarƙar ce ta motsa, kuma ba a hango babur ɗin daga waje. An zuba kankaren da gurbi kamar yadda mai walda ya kwatanta, ya sha ruwa kwana bakwai, jiya na fara ɗaurewa, na kuma samo tamfol ina rufe shi saboda raɓa da ƙura. Maƙwabcina mai roba-roba ya ga aikin ya ce a dasa masa nasa a gefe, mun raba kuɗin siminti. An yi ɓoyayyen makunnin, lambobin inji da shasi suna cikin wayata da littafina, mai bulo kuma ya kwashe kayansa bayan mai unguwa ya yi masa magana. Na'urar bin sawu sai bashin ya yi sauƙi.

Abin da ya rage shi ne ƙofar zaure. Huɗu daga cikinmu sun yarda da makulli, biyu sun ƙi, ɗaya yana cewa shi ba shi da babur don haka ba zai ba da kuɗi ba, ɗayan kuma yana aikin dare, yana tsoron ranar da zai manta makulli ya kwana a waje. Baba na Herwagana, idan da hali ina so ka faɗa mini yadda zan shawo kansu ba tare da an yi ɓacin rai ba.

Dattijo, Herwagana:
Ɗana, wanda ya ce ba shi da babur kada ka nemi kuɗinsa, ku huɗu ku saya ku yanka masa nasa makullin kyauta, ka kai masa da kanka har ɗaki, ka kuma tuna masa cikin lumana cewa wanda ya shigo ɗaukar babur yana ganin janareta da tukunyar gas da awaki. Mai aikin dare kuwa tsoronsa gaskiya ne, ka ba shi lambar wayarka ka ce duk daren da ya manta ya kira ka, ko ƙarfe nawa ne, za ka taso ka buɗe masa, kuma ranar farko da ya kira ka taso da sakin fuska. Idan ka gwada wannan bai yiwu ba, ka same ni bayan la'asar ranar Juma'a mu je wurin maigidan naku tare.